Indomin salansa da ƙarfen rodiyam: me ke ciki, nawa ne, kuma me ya sa ake sace shi?

Nura Kurna:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tambaya gare ni. Ana ta kukan sace abin nan na cikin salansar mota da kanikawa ke ce wa indomi, wai 'yan gwangwan na sayensa da tsada. Wasu sun ce zinare ne a ciki, wasu sun ce daimon. Mene ne gaskiyar abin da ke ciki, kuma in an cire shi me zai sami motar?

Malama Hadiza:
Wa alaikumus salam Nura. Ba zinare, ba daimon. Ƙarafa uku ne 'yan gida ɗaya: filatinam, faladiyam da rodiyam. Abin da ake ce wa indomin kuwa tubali ne na yumɓu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, ramuka 400 zuwa 600 a kowane murabba'in inci. Shi yumɓun ba shi da wata daraja. An shafe cikin ramukan da wani farin gari, a jikin garin ne aka watsa ƙarafan, ƙwayoyinsu ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani. Ko ka fasa ka duba ba za ka ga wani ƙyalli ba.

Aikinsu irin na dillali ne: yana haɗa ciniki amma shi ba ya cikin kaya. Hayaƙin injin fetur na ɗauke da guba iri uku. Akwai kabon monoksaid, wato iskar nan ta janareta da ke kashe mutane a ɗaki rufe. Akwai ɗanyen fetur da bai ƙone ba. Filatinam da faladiyam ne ke ƙarasa ƙone waɗannan biyun. Na ukun shi ne NOx, naitirojin da ya haɗu da oksijin saboda zafin injin, mai cin huhu. Raba su a mayar da naitirojin yadda yake, wannan aikin rodiyam ne, kuma babu ƙarfen da ya kai shi iya shi. Shi ya sa fiye da kashi 80 cikin 100 na rodiyam ɗin duniya a cikin salansa yake ƙarewa.

Injiniya Bashir:
Malama ta gama da ɓangaren aiki, bari in ɗora da na ƙaranci, don a nan labarin yake. Rodiyam ɗin da ake haƙowa a duniya gaba ɗaya a shekara bai wuce kimanin tan 30 ba. Tirela ɗaya ta siminti mai buhu 600 ke nan. Kuma da yake yana da nauyi, giram 12.4 a kowane santimita kubik, in ka narkar da shi duka tankin ruwa mai lita 2,500 zai ɗauke shi har da saura. Zinare kuwa ana haƙo fiye da tan 3,000 a shekara.

Kusan kashi 80 cikin 100 daga Afirka ta Kudu yake fitowa, daga wani yankin duwatsu da ake kira Bushveld, wajen garin Rustenburg da gabashinsa. Sauran daga Norilsk ta Rasha, da Zimbabuwe, da ɗan kaɗan daga Kanada. Amma abin da mutane ba su gane ba shi ne babu mahaƙar rodiyam ko ɗaya a duniya. Ba wanda ke haƙa rami don shi. Filatinam da faladiyam ake nema, ko nikel a Rasha, shi kuma ya biyo su kamar jela. Jijiyar dutsen da ta fi ɗauke da shi ana kiranta UG2. Kaurinta bai fi mita ɗaya ba, a ƙarƙashin ƙasa zurfin kilomita ɗaya, wani wurin fiye da biyu. A tan ɗaya na dutsen za ka samu kamar giram 4 zuwa 5 na ƙarafan a haɗe, rabon rodiyam a ciki bai kai rabin giram ba. In ka ɗauka giram 0.4 ne, sai an fasa dutse kusan tan 80 kafin a samu oza ɗaya, wato giram 31.1, ban da abin da ke salwanta a hanya.

Nura Kurna:
Injiniya, to in kuɗinsa ya tashi ba sai su ƙara haƙa ba?

Injiniya Bashir:
Da wuya. In za ka ninka rodiyam, dole ka ninka filatinam ɗin da ke tare da shi, kasuwar filatinam ta cika, farashinsa ya faɗi, ka yi asara ta inda ribarka ta fi yawa. Ga shi sabon rami yana cin shekaru kafin ya fara ba da komai. Sannan tacewar ba ta gaggawa: a niƙa dutsen ya zama gari, a tsame mai amfanin da kumfa a cikin ruwa, a narkar a tanderun lantarki da ya haura digiri 1,400, a ƙone baƙin ƙarfe da farar wutar da ke ciki, a fitar da nikel da tagulla, sannan a shiga raba masu darajar ɗaya bayan ɗaya. Rodiyam na cikin na ƙarshen fita, yakan ɗauki watanni daga rami zuwa garin da ake sayarwa.

To kasuwar da kayanta ba sa ƙaruwa in an matsu, ba sa raguwa in an ƙoshi, farashinta hauka yake yi. A 2008 oza ta kai dala 10,000, kafin shekarar ta fita ta dawo wajen 1,000. A 2016 ta sauka ƙasa da dala 700, lokacin zinare ya kusa ninka shi. A Maris na 2021 ta kusa dala 30,000. A 2023 ta dawo wajen 4,000 da ɗoriya. Abin da ya jawo tashin 2021 abubuwa ne suka haɗu: bayan badaƙalar maguɗin gwajin hayaƙin dizal ta kamfanin Volkswagen a 2015 Turawa sun juya daga motocin dizal zuwa na fetur, Sin ta tsaurara dokar hayaƙi don haka kowace mota ta buƙaci ƙarin rodiyam, sai kuma tanderun kamfanin Anglo American Platinum da ke Rustenburg ya samu fashewa a farkon 2020, ga kullen korona a kai. Tanderu ɗaya ya tsaya, duniya ta ji a jikinta.

Alhaji Ado Gwangwan:
Injiniya Allah ya ƙara sani. Ina so in gyara wata ƙarya da ke yawo, cewa kowane indomi na da giram ɗaya ko biyu na rodiyam. Ba haka ba ne. Ƙaramar motar fetur, in ka haɗa ƙarafan uku, 'yan giram kaɗan ne, mafi yawansu faladiyam. Rodiyam ɗan ɓangaren giram ne. Mu ƙaddara giram 0.2. Lokacin da oza ke dala 29,000, giram ɗaya dala 932 ne, ka ga dala 186 ke nan a tubali ɗaya. Da ta dawo 4,500, giram ya zama dala 145, abin ya koma dala 29. Tubali ɗaya, mota ɗaya. Wanda ya tara kaya a sito yana jiran kuɗin 2021 ya sha kuka.

Kuma ba a ciniki da ido. Hanya biyu ce. Ko dai a duba lambar da aka buga a jikin gwangwanin, a nemo ta a kundin masu saye na waje, a ga abin da aka san irinsa na ɗauke da shi. Ko kuma a yanka gwangwanin, a fitar da tubalin, a niƙa ya yi laushi kamar fulawa, a gauraya sosai, a ɗebi samfur daga wurare da yawa, a haska da na'urar XRF mai nuna yawan ƙarafan da ke ciki. In tubalin kilo ɗaya ne, na'ura ta nuna rodiyam 200 a miliyan, faladiyam 1,800 a miliyan, to giram 0.2 da giram 1.8 ke nan. Inda ake cutar juna: mai kaya ya jiƙa garin don ya yi nauyi, ko ya cakuɗa da garin matatar hayaƙin dizal da ba ta da komai, ko a kawo gwangwani mai lamba mai kyau alhali an sauya cikinsa da na kasuwa. Mai saye kuma ya haska bakin tubalin da ya riga ya cinye ya ce haka duka yake. Shi ya sa sai an busar an niƙa kafin a yi maganar kuɗi.

Oga Sale Mai Salansa:
Alhaji ka faɗi gaskiya, sai dai ka tsallake guda: in ba mai saye, ba mai sata. Yaro ya kawo maka gwangwani an yanke shi da zarto ta gaba da baya, bututun na ƙyalli, ai ka san ba daga motar da aka yanka ya fito ba.

Alhaji Ado Gwangwan:
Oga Sale ba zan musa ba. Ƙa'idar da ta kamata ita ce kada a karɓa sai daga garejin da aka sani ko mai motar da kansa, a rubuta suna da lambar mota. Amma ku ma ku duba gidanku. Mafi yawan wanda ke ɓata ba a titi yake ɓata ba, a gareji ne, mota ta kwana.

Oga Sale Mai Salansa:
Na karɓa. To ga yadda mai mota zai gane an yi masa aika-aika, ko in zai sayi ta Kwatano, don da yawa tun kafin su iso an kwashe. Ka leƙa ƙarƙashi mota a sanyaye. Ɗinkin kamfani siriri ne, a miƙe, launinsa ɗaya da sauran jiki. In ka ga sabuwar walda mai kumburi a saman gwangwanin ko gefensa, an buɗe shi kamar sardin an rufe. Masu wayo ta sama suke yankawa, ɓangaren da ke fuskantar cikin mota, don haka ka sa hannu ko madubi. Ka ƙwanƙwasa da bayan sifana: mai tubali yana amsawa dum, a cike, wanda aka kwashe yana ƙara kamar garwar da ba ruwa. In ka ji caccaka kamar tsakuwa a ciki, tubalin ya farfashe. Wasu suna cusa soson ƙarfe don su kashe ƙarar, to wannan sai an kwance sensa an zura 'yar kyamara ta ramin. Tada motar ka ji: murya takan buɗe, hayaƙi ya riƙa yaji a ido.

Kariya kuma: a ɗiga walda a kan notunan da suka riƙe shi, a sa farantin ƙarfe a ƙasa ga motoci masu tsayi irin jif da bas, don su ɓarawo ke shiga ƙarƙashinsu ba tare da jak ba. Ka ɗauki hoton gwangwanin a gaban bakanike kafin ka bar masa mota.

Nura Kurna:
Oga, ana cewa in aka cire mota na shan mai kamar rijiya. Wasu kuma sun ce cirewar ma ta fi, mota ta fi gudu. Wanne ne?

Oga Sale Mai Salansa:
Shan mai kam tana yi. Duk wanda ke harkar salansa ya san haka.

Auwalu Mai Na'ura:
Oga Sale ranka ya daɗe, a nan zan ɗan saɓa maka. Tana yi, amma sau da yawa ba rashin indomin ne ke jawowa ba. Sensa biyu ne a layin. Na gaba, kafin indomi, shi ne ke gaya wa birenbos, wato kwamfutar motar, ya ƙara mai ko ya rage, don a tsaya a kan iska kashi 14.7, fetur kashi 1. Na baya aikinsa sa ido kan indomin, sai ɗan gyara kaɗan da yake yi wa lissafin a wasu motoci. In an cire tubalin da tsafta, abin da za ka gani shi ne wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji, ta kama da lambar P0420, ko P0430 a ɓari na biyu na injin V6, shan mai ya ɗan motsa. Shan mai irin na rijiya daga wurare uku yake zuwa. Ko mai walda ya bar ɗan rami kusa da sensan gaba, iska na shiga, sensa ya ɗauka mai ya yi kaɗan, birenbos ya yi ta zuba. Ko zafin walda da duka sun kashe sensan. Ko kuma cutar da ta kashe indomin tun farko tana nan ba a taɓa ta ba. Ga wata illar: tunda cek ta riga ta zauna a kunne, in sabuwar matsala ta zo ba za ka sani ba.

Masu cewa ta fi gudu, wanda ya toshe suka cire. Lafiyayye ba ya riƙe mota yadda direba zai ji.

Oga Sale Mai Salansa:
To ai mun haɗu a tasha ɗaya. Mai mota dai aljihunsa ne ke kuka, ko ta wace ƙofa.

Auwalu Mai Na'ura:
Ƙofar ce muhimmiya Oga, don indomi ba ya mutuwa haka kawai, kashe shi ake yi. In ka sa sabo ba ka kama mai kisan ba, wata shida ka dawo. Yana fara aiki ne in ya kai digiri 250 zuwa 300, yana jin daɗi tsakanin 400 da 800. In fulogi ko kwayil ya mutu, ko nozul na ɗiga, ɗanyen fetur zai gangaro ya kama da wuta a cikin ramukan, zafi ya haura 1,200, yumɓun ya narke ya toshe hanya. Shi ya sa in wutar cek na ƙiftawa, ba tsayawa ta yi cak ba, ka faka. Na biyu, injin mai shan baƙin mai ta ringi ko ta bakin bawul: sinadarin fosfaras da ke cikin man yana lulluɓe ƙarafan kamar gilas. Na uku, gasket ya ƙone ruwan lagireto na shiga. Na huɗu, gam ɗin silikon da ba na wurin ba. Na biyar, afka wa kududdufi da salansa mai zafi, tubalin ya tsage, ko dukan dutse daga ƙasa.

Gwaji kafin a yanka komai. Kwance sensan gaba, ɗaura ma'aunin matsin iska a raminsa. A silo kada ya wuce psi 1.5, a juyi 2,500 kada ya wuce 3. In ya haura, a toshe yake. Don sanin ko yana tace hayaƙi, sa na'ura ka kalli sensan baya bayan injin ya yi zafi sosai: lafiyayye zai kwanta wajen bolt 0.5 zuwa 0.7, yana motsi a hankali. In yana tsalle daga 0.1 zuwa 0.9 kamar na gaba, indomin ya mutu ko babu shi. A kula, motocin Toyota da yawa sensansu na gaba wani iri ne, wajen bolt 3.3 yake nunawa, kada a ce ya lalace. Maganar wanke shi da omo kuwa, in toka ce kawai ta taru yana ɗan taimakawa, amma wanda ya narke ko ya sha guba ba ruwan da zai tashe shi.

Malama Hadiza:
Ƙari kan maganar guba. Babban makashinsa a da dalma ce. Shi ya sa da Amurka ta fara sa wa motoci wannan na'ura a 1975 dole aka kawo fetur marar dalma tare da ita. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina fetur mai dalma daga farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Abin da ya rage mana shi ne farar wuta a cikin mai. A Turai ba ta wuce kashi 10 a miliyan. In ta yi yawa tana danne aikin ƙarafan, kuma ita ce warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji a bayan wasu motoci. Sauƙinta, in an samu mai mai kyau aka yi doguwar tafiya salansa ta yi zafi, da yawanta na ƙonewa. Dalma da fosfaras ba sa fita.

Nura Kurna:
Malama, akwai bidiyoyi da ake nuna mutum na jiƙa garin a ruwan asid yana fitar da ƙarfen a gida. Ba za a iya yi a nan ba, maimakon a riƙa sayar wa na waje ɗanye?

Malama Hadiza:
Don Allah Nura kada ka gwada, kada ka bari wani ya gwada a cikin gida. Ruwan da ke narkar da zinare da filatinam, wato haɗin asid iri biyu da ake kira aqua regia, da ƙyar yake taɓa rodiyam, balle wanda ya shekara yana gasuwa a salansa. Mutumin da ya gano shi, William Hyde Wollaston, a Ingila a 1804, sai da ya bi matakai da yawa kafin ya ware gishirinsa mai launin ja-ja, daga nan ma sunan ya samo asali, kalmar Girkanci ce ta furen wardi. Mai yi a bayan gida zai sha hayaƙin kilorin, ya samu ɗan faladiyam da filatinam marasa tsarki, ya zubar da mafi tsadar a kwata tare da dagwalon. Gishirin filatinam kuma na jawo asma da ba ta warkewa. Shi kansa ƙarfen sai digiri 1,964 yake narkewa, zinare kuwa 1,064, don haka zugar maƙeri ba ta kai shi ba.

Injiniya Bashir:
Manyan matatu ma ba da asid suke farawa ba. Suna zuba garin tan-tan a tanderu tare da tagulla ko ƙarfe. Yumɓun ya narke ya taso sama, masu darajar su nitse cikin tagullar, sannan a shiga rabawa. Masu yin haka a duniya ana ƙirga su: Umicore a Hoboken ta Beljiyam, Johnson Matthey a Ingila, Heraeus a Jamus, Tanaka a Japan, BASF, da wasu kaɗan. Abin da za a iya yi a Ƙofar Ruwa ko Panteka a ci riba shi ne matakin farko a yi shi da kyau: yankewa, niƙa a rufaffen inji mai zuƙe ƙura, awo na gaskiya. Ƙurar da ke tashi kuɗi ce, don garin da ke ɗauke da ƙarafan shi ya fi laushi, shi ke fara bin iska. Kuma audugar da aka naɗe tubalin da ita zarenta na illa ga huhu, a jiƙa ta kafin a taɓa, a sa takunkumi na gaske.

Malam Isa Maƙeri:
Kun tsaya a mota, alhali mata da yawa na sanye da rodiyam ba su sani ba. Farin zinare ai ba fari ba ne tas. Mai lamba 750 kashi 75 cikin 100 zinare ne, sauran faladiyam ko nikel da azurfa, launinsa na asali yana da ɗan rawaya. Hasken nan kamar madubi rodiyam ne aka rina shi da shi da lantarki. Haka ake yi wa azurfa mai kyau don kada ta yi baƙi.

Yadda ake yi: a goge kayan sai ba ƙarzo ko ɗaya, don rinin ba ya ɓoye aibi, fito da shi yake. A wanke a injin girgiza, a cire maiƙo da lantarki, a ɗauraye, a tsoma a ruwan asid mai sauƙi kashi 5 zuwa 10, a sake ɗauraye da tataccen ruwa, ba na famfo ba. Ruwan rinin yawanci giram 2 na rodiyam ne a lita ɗaya. A ɗumama shi wajen digiri 40, sandar da ke ɗaya ɓarin wutar lantarkin ta zama titaniyam mai rufin filatinam, wuta wajen bolt 3, daƙiƙa 30 zuwa 90. In aka sa sandar ƙarfe ko tagulla, asid ɗin zai ci ta, ruwan duka ya lalace. In ya fito da duhu ko toka-toka, wuta ta yi yawa ko ruwan ya gurɓata. In ya yi dabbare-dabbare, maiƙo ne ko yatsa ya taɓa. In aka daɗe don a yi kauri, tsagewa yake yi, don ƙarfe ne mai tauri marar lanƙwasa, shi ya sa ba a ƙera zobe da shi zalla. Azurfa kuwa gara a fara shimfiɗa mata faladiyam a ƙasa. Nikel ma na yi, amma yana sa wasu ƙaiƙayi.

Kaurin bai wuce maikiron 0.1 zuwa 0.25 ba, shi maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Zobe mai faɗin jiki murabba'in santimita 5, a kauri 0.2, miligiram ɗaya da ɗan ɗori ya ci. Don haka duk wanda ya ƙara miki kuɗin sarƙa da yawa wai don tana da rodiyam, kuɗin aiki ne kawai, in kin zo sayarwa ba a lissafa shi. Zoben da ake wanke-wanke da shi kullum, shekara ɗaya zuwa biyu zai fara nuna rawaya ta ƙasa. Ba jabu ba ne, rini ne ya koɗe.

Hajiya Rabi:
Malam Isa, to namiji fa? Ana sayar wa maza irin wannan a ce ba zinare ba ne tunda fari ne.

Malam Isa Maƙeri:
Hajiya, a duba cikin zoben. In an buga 750 ko 585, zinare ne aka sa wa farar riga, hukuncin zinare ke kansa. In 925 ne, azurfa ce. In an ga Pt 950, filatinam ne, za a ji shi da nauyi a hannu, kusan ninki biyu na azurfa. Hukuncin shi wannan na ƙarshen a kai wa malamai, ni awo na sani. Kuma dutsen gwaji na yaudara a nan: in ba a ɗan kankare rufin ba, asid ba zai taɓa shi ba ko da tagulla ce a ƙasa.

Injiniya Bashir:
Sauran amfaninsa na masana'antu ne, kuma kusan duka a haɗe da filatinam, don yana hana shi saki a cikin zafi. Wayar auna zafin tanderun gilas da ƙarfe, wadda ake kira nau'in S, sili ɗaya filatinam zalla, ɗayan da rodiyam kashi 10, tana aunawa har wajen digiri 1,600. Nau'in R kashi 13 ne. Farantin da ake zaro zaren gilas ta ramukansa, shi ma haɗin ne. Ragar da ake ƙona amoniya a kanta don yin asid na naitirik, wanda ake takin naitiret da shi, haka. Yuriya ba ta bi ta nan ba. Waɗannan ba sa ɓata, in sun tsufa a narkar a sake. A mota ne kawai ake watsa shi giram-giram a duniya.

Ƙarfen da ke bakin fulogi mai tsada kuwa ɗan'uwan rodiyam ne, iridiyam, shi ma tan 7 zuwa 8 kacal ake samu a shekara. Tsininsa milimita 0.4 zuwa 0.6 ne. In ka ga ya yi kauri kamar kan ƙusa alhali kwalin ya ce iridiyam, jabu ne, kuma irinsa ne ke fara tsallake wuta ya narkar maka da indomi.

Alhaji Ado Gwangwan:
Abin da ke gaban kasuwar dai motar lantarki ce, ba ta da salansa sam.

Auwalu Mai Na'ura:
Ta batir zalla ke nan Alhaji. Mai haɗa fetur da batir irin Prius ta fi ta fetur buƙatarsa, don injinta na mutuwa yana tashi, tubalin ba ya zama da zafi, dole a ƙara masa ƙarfe ya riƙa kamawa da wuri. Shi ya sa a Ingila da Amurka ita ɓarayi suka fi bi.

Nura Kurna:
Na gode ƙwarai. Ta ƙarshe: wanda aka riga aka sace wa, ya sayi sabo na kasuwa mai araha ko ya nemi na Beljiyam?

Oga Sale Mai Salansa:
Na kasuwa mai arahar nan ƙarfen cikinsa kaɗan ne, wani ma babu, wata biyu cek ta dawo. Na Beljiyam na ainihin motar ya fi, in an duba shi. Ɗaga shi ka hango rana ta cikinsa: ramukan su fito tas daga baki zuwa baki, ba narkewa, ba farin dasashi, ba maiƙo. Girgiza shi, kada ka ji motsi. Lambar jikinsa ta dace da injinka. In za a ɗaura, a kwance sensa biyun tukun kafin a kunna walda, kibiyar jikin gwangwanin ta kalli baya, a sa sabon gasket, a tada mota a toshe bakin salansa da tsumma na daƙiƙa biyu a saurari inda ke huci. Sannan a kai wa su Auwalu su goge lambar, a yi tafiyar kwana biyu zuwa uku, a sake duba sensan baya.